Sai Bayan Arba'in

Ni ce 'yar farin Inna, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Idan tana nemana sai ta ce da ƙanena, "Kira mini waccan." Idan mu biyu ne kaɗai a tsakar gida, "ke" ta ishe ta. Ana yaye ni aka miƙa ni hannun Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda gidanta yake bayan layinmu. A ɗakin Gwaggo na girma, ita nake yi wa shagwaɓa, ita nake yi wa rashin kunya. Idan ta ƙi shan maganin hawan jininta, tsayuwa nake a kanta da kofin ruwa ina masifa har sai ta haɗiye, tana zagina ina ramawa. Inna kuwa gaisuwa ce tsakaninmu. In durƙusa, ta amsa tana kallon wani wuri, in tashi.

Shekara biyu da aurenmu mijina ya samu tallafin gwamnati ya zo Kuala Lumpur yin digiri na uku. Makarantarsu tana kan titin Jalan Semarak, mu kuma muka kama ɗaki biyu da falo a hawa na sha ɗaya na wani dogon bene da ba shi da nisa da wajen. Nan na samu cikin fari. Da a gida ne, wata bakwai ana zuwa a ɗauke ni in tafi goyon ciki, in haihu a gaban manya, in yi wankan jego na kwana arba'in. Tunda ni ba zan iya tafiya ba, aka yanke shawarar Gwaggo ta zo. An yi mata fasfo, an yi komai, saura mako uku ta taso, santsin bakin rijiya ya kwashe ta, ƙugu ya goce. Da aka rasa wadda za a turo, Inna ta ce ita za ta je. Ƙanena ne ya gaya mini a waya, ni kuma na ce ya daina yi mini ƙarya.

Ta sauka kwana biyu bayan na haihu. Matar da ko Legas ba ta taɓa zuwa ba, ga ta da Ghana-mas-go biyu, ɗaya duk kanwa ce da gero da yaji da daddawa da kuka. Shekarunta sun haura hamsin, tana da ciwon suga, kuma ƙirjinta ba ya rabuwa da tari saboda shekarun da ta yi tana suyar waina a kan itace. Ba ta ko zauna ba ta leƙa banɗaki, ta leƙa kicin, ta tambayi bango, don ba za ta tambayi surukinta kai tsaye ba, ko a garin nan ana samun darbejiya. Mijina ya sunkuyar da kai ya ce zai bincika. Ashe Indiyawan unguwar Brickfields masu sayar da furanni suna sayar da ganyen ƙulli-ƙulli. Daga ranar, duk bayan kwana biyu sai ya hau jirgin ƙasa ya je ya ciko leda, ya dawo yana warin ganye.

Wanda bai ga wankan jego ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Ruwa ake tafasawa har ya yi ta ɓararraka, a juye a babban baho, a tsoma damin ganye a ciki, a ɗago a riƙa fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da cinyoyi, safe da yamma. Banɗakinmu ɗan mitsitsi ne, babu taga, tururi yana cika shi har ba ka ganin hannunka. Ranar farko na yi ihu, Inna ta ce, "Ke, rufe mini baki, a gidan haya muke." Ta riƙe kafaɗata da hannun hagu don kada in goce, tana fyaɗa ganyen da dama. Bayan ta gama ta goge ni da zane, ta shafa mini man zafi a baya, ta danna mini mara da tafin hannunta.

A tsawon rayuwata ban san wata rana da Inna ta taɓa jikina ba sai wannan. Ina da shekara ashirin da tara. Da ta fita na zauna a bakin baho na yi kuka, ta ɗauka zafin ruwa ne, ta turo mini kunun kanwa.

A kwana na biyar aka ce mu kai jariri a duba shi saboda shawara. Akwai wani ƙaramin asibiti a ƙasan benenmu, tsakanin kedai, wato kanti, da wajen wanki. Muka tafi da Inna, don ita ma a rubuta mata maganin suga, kuma dole ni zan yi tafinta tunda ba za ta zauna surukinta yana fassara mata zancen fitsari ba. Likitar wata dattijuwar Ba'indiya ce mai furfura, mai magana a hankali. Ta auna Inna, ta daɗe da abin sauraro a bayanta, sannan ta juyo gare ni. Ta ce babbar murar nan mai zazzaɓi, wadda suke kira fulu, tana yawo sosai a garin a 'yan makonnin nan, yaran makaranta duk sun kwaso. Ta ce ga mai shekarun Inna, da suga, da irin wannan ƙirji, ba ƙaramin abu ba ce, tana iya sauka huhu. Akwai allurar rigakafi, a yi mata yau, domin sai ta yi kamar mako biyu kafin ta kama jiki. Ni an riga an yi mini tawa tun ina da ciki.

Na fassara. Inna ta ce, "Ƙasar da ko bargo ba a rufa, ina mura za ta fito?" Likitar ta yi murmushi da na mayar mata, ta ce a nan ba ta jiran sanyi, duk shekara tana nan. Inna ta tambaya a ina ake yin allurar. Na ce a dantse. Ta ce yana tsami? Likitar ba ta ɓoye ba, ta ce hannun yana iya yin nauyi kwana ɗaya ko biyu, wani ma yakan ji ɗan zazzaɓi.

"To wa zai yi wankan?" in ji Inna. Ba ni take kallo ba, jaririn take kallo. "Ce mata sai bayan arba'in."

Likitar ta ce a yi a hannun hagu mana. Inna ta ce da hagun take riƙe ni. Likitar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke 'yarta ce, ki yi mata magana." Wannan ban fassara ba. Na ce da likitar za mu dawo, na ɗauki jaririna muka fito.

Ba rashin sani ba ne, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Na yi karatu, na koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata kafin mu taso, na san abin da likitar take faɗa gaskiya ne. Ba kuma tsoron allura irin na jita-jita ba ne, don Inna da kanta take kai jikokinta rigakafi a gida. Abu biyu ne. Na farko, ban san yadda ake yi wa Inna musu ba, ban taɓa yi ba, bakina bai san hanyar ba. Na biyun shi ne wanda ya fi ci mini rai. Ban so a fasa wankan ba, ko na kwana ɗaya. Kwana arba'in aka ba ni da uwata, na riga na cinye biyar, kuma ina ƙirga sauran kamar mai ƙirga ragowar nama a miya.

Mijina ya yi ƙoƙari, in ba shi haƙƙinsa. Da na gaya masa, ya ce to ai ga maƙwabciyarmu, wata Bakatsiniya matar wani malamin jami'a, mai 'ya'ya huɗu, ta iya wankan sarai, ta karɓa na kwana biyu. Matar ma da kanta ta hau ta ce, "Inna, ki huta, ni zan yi mata, boleh, in ji mutanen garin nan, zan iya." Inna ta kalle ta sama da ƙasa ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Amma ban ƙetaro teku don in zauna a falo wata tana yi wa waccan wanka ba." Zancen ya mutu a nan. Da muka koma awon jariri a mako na biyu, ma'aikaciyar jinya ta sake tunawa, ta ce ina kakar, allurarta tana jira. Ranar ma Inna ba ta biyo mu ba. Ni da bakina na ce, bayan arba'in.

Kwanakin nan sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. A cikin tururi Inna ta fara yi mini hira, wataƙila don ba ma ganin fuskar juna. Ta ba ni labarin haihuwata, yadda ta yi kwana biyu tana naƙuda ana ruwan sama, yadda ranar da aka kai ni gidan Gwaggo ta shiga ɗaki ta kulle ta ce kanta ke ciwo. Ta ce tana leƙena ta katanga idan zan tafi makaranta. Ta yi mini tsiya a kan tuwona, ta ce ko kare ba zai ci ba, ta ce mijina mai haƙuri ne. Da rana tana goya jariri ta tsaya a baranda tana kallon hadari yana haɗuwa a kan dogayen gine-gine, tana mamakin garin da ake ruwa kullum kuma babu wanda ya shuka ko gyaɗa. Gidan kuma bai rabu da baƙi ba. Tun daga suna matan 'yan uwanmu ɗalibai suke zuwa barka, kowacce da zugar 'ya'yanta masu amsa Hausa da Turanci. Sun ji an ce tsohuwa ta zo daga Kano, kowa yana so ya gaishe ta ya ci wainarta. Ba yaron da ba ta ɗauka ta ɗora a cinya ba, mai majina da marar majina.

A kwana na ashirin da takwas Bakatsiniyar ta raka ta kantunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen tsaraba. Ta dawo da yadin hijabi kala-kala na ƙannena, da wani leshi ruwan toka da ta ce in ɗinka na fitar arba'in. Tana ta ba ni labarin sanyin kantunan, wai kamar an shiga firji. Ban sani ba ko a can ta ɗauko, ko a wajen yaran, ko a cikin lif. Na daɗe ina wannan lissafin, ba shi da amfani.

Bayan kwana biyu na ji fyaɗin ganyen ya canza. Da yana sauka da ƙarfi har sai na ciji leɓe, ranar kuwa kamar ana kore mini ƙuda. Hannun da ta riƙe kafaɗata da shi ya fi ruwan zafi. Na ce, "Inna, jikinki da zafi." Ta ce, "Tururi ne, juya." Na juya. Haka ta yi na yamma, haka ta yi na washegari da safe, tana tsayawa tana dafa bango tana tari. Na ce mu sauka wajen likita, ta ce bari a gama na yamma. Kafin yamma ta kasa tashi daga kan sallaya. Numfashinta yana fita da ƙara, leɓɓanta sun bushe, tana kiran sunan ƙanena wanda yake Kano.

Mijina ya kira mota muka tafi babban asibiti. Suka ce murar ce, ta sauka huhu biyu, suga kuma ya haura. Wani matashin likita yana cike takarda ya tambaye ni ko an yi mata rigakafin bana. Na ce a'a. Ya rubuta kawai, bai ko ɗago kai ba. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Ba a shiga da jariri inda aka kwantar da ita, don haka sai in bar shi a wajen Bakatsiniyar in je da rana, a sa mini takunkumi da riga, in zauna awa ɗaya. Bayan kwana biyu ta farfaɗo kaɗan. Ta janye abin iskar da ke fuskarta ta ce, "Yau kwana nawa?" Na ce talatin da uku. Ta ce, "Wa yake yi miki?" Na ce maƙwabciya. Ƙarya nake, tun ranar da ta kwanta ban sake ɗora ruwa ba. Ta ce, "Ki ce ta riƙa dannawa ta hagu, can ne bai koma ba." Sai ma'aikaciya ta zo ta mayar mata da abin iskar. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Washegari suka sa mata na'ura, ba ta sake buɗe ido ba. Ta cika ranar kwana talatin da shida, da hantsi, ina cikin mota a hanya, cunkoso ya tsare mu.

Mahaifina ya ce a binne ta a nan, ƙasa duk ta Allah ce, kada a wahalar da gawa. Matan masallacin unguwarmu, Malayawa, su suka yi mata wanka, suka ce in shigo in zuba ruwan farko. Ban iya yarensu ba sai na cefane, su ma ba su iya nawa ba, amma wata tsohuwa a cikinsu ta kama hannuna ta ɗora a kan goshin Inna ta riƙe shi a wurin. Ɗalibanmu suka cika masallaci, har waɗanda ban taɓa gani ba. A nan mata suna zuwa maƙabarta, ba kamar gida ba, don haka na bi su na tsaya daga nesa. Ƙasar ja ce, jiƙaƙƙiya, ramin har ruwa ya fara tsattsafowa a ƙasansa.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, wallahi na yarda, ban taɓa jayayya da ajali ba. Amma bayan wata biyu na kasa daurewa, na sauka wajen dattijuwar likitar nan na tambaye ta gaskiya tsakaninta da Allah, da an yi allurar, da Inna ta rayu? Ta cire tabarau ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Ta ce allurar ba ta hana kowa kamuwa, amma tana rage wa da yawa tsananin ciwon, musamman irin su Inna. Na so ta ce mini e, in san na kashe uwata, ko ta ce a'a, in samu barci. Ba ta ba ni ko ɗaya ba. Ta tambayi lafiyar jariri, na ce yana nan ƙalau.

Mun ƙara shekara biyu da rabi a Kuala Lumpur kafin mijina ya gama. A tsawon lokacin na zama abin tsoro a cikin matanmu. Duk wadda na ji uwarta ko surukarta za ta zo wankan jego, sai na hau har gidanta na ce a fara kai tsohuwa asibiti tun kafin ta kwance kaya. Wasu sun ji, wasu sun ce Maman yaro ta cika shisshigi, wata ma ta daina amsa sallamata. Ko a jikina. Amma ban taɓa gaya wa kowa dalili ba, har 'yan uwana na gida. Abin da suka sani shi ne Inna ta yi zazzaɓi a ƙasar waje ta rasu. Mijina kaɗai ya sani, shi kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Da muka dawo Kano, bayan an gama karɓar gaisuwa, na tafi gidan Gwaggo. Ta tsufa ƙwarai, ƙugun bai koma daidai ba, da sanda take takawa. Ta kori yara, ta sa na rufe ƙofa, ta ce in zauna a bakin gado in gaya mata komai, don ta san ni, ta san akwai abin da na haɗiye. Na gaya mata. Likitar, da dantse, da maganar da na ƙi fassarawa, da ƙirgar kwanakin da nake yi. Ban rage komai ba. Ina jira ta ce ajali ne kamar kowa.

Ta daɗe tana murza carbi. Sannan ta ce, "Da ni na je, ni ma da ba zan yarda a taɓa mini hannu ba ana tsakiyar wanka."

Na ce, "Na sani, Gwaggo."

Ta ce, "Amma ni da kin yi mini masifa. Da kin tsaya a kaina har sai an yi."

Gaskiya ta faɗa. Ta jawo kaina ta ɗora a cinyarta, muka yi ta kuka mu biyu har aka kira la'asar.